Katin da Aka Goge Sunan Indo a Kansa

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Kwamitin da ke shirya aikin tiyata kyauta a ƙasar Wudil.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Ina gajiya, ya hidima da jama'a, ya kuma muka ji da zafin nan? Allah ya kai mu damina lafiya.

Sunana Rabi, a gari an fi sanina da Sista Rabi. Duk shekarun aikina a ɗakin tiyata na yi su, ina dafa kayan aiki, ina miƙa wa likita aska da hantsaki, ina ƙirga auduga kafin a rufe ciki, har na yi ritaya. Ba zan rubuta sunanka ba, ba kuma zan rubuta sunan ƙungiyarku ba, don ba tozarta mutum na fito yi ba. Kai ka san kanka, waɗanda suka tsaya a bakin ƙofar nan ranar su ma sun san ka.

Jiya da hantsi na je ofishinku na damƙa wa sakatarenka kati guda, koren nan mai hotonka a kusurwa, wanda ake shiga wurin tiyata da shi. Katin ƙanena Habu ne, kuma yau duk ƙasar Wudil ban san wanda ya fi shi buƙatar aikin ba sai mutum ɗaya. Sakataren ya dube ni kamar na taɓu. Na ce masa ya ajiye, bayani na tafe. Sau biyu na zo gidanka don mu yi maganar nan a zaure, ran farko aka ce ka tafi Kano, ran na biyu aka ce kana hutawa. To ga bayanin nan, tunda zaure ya gagara sai a yi shi a fili.

Kafin in fara, ba zan yi tuya in manta da albasa ba. Kun yi ƙoƙari da kuka kawo likitoci garin nan bayan kaka. Su ma likitocin, 'ya'yan mutane, sun bar aikinsu sun zo sun tsaya da ƙafafunsu tun safe har yamma ba don a biya su ba. Ba ni da ƙorafi a kansu ko kaɗan. Ƙorafina yana kan abin da kuka gina tsakaninsu da marasa lafiya.

Na ɗaya. Bari in gaya maka wane ne Habu.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ni na goya shi. Manomi ne a Lajawa, kuma shi ne ladanin masallacin unguwarsu tun yana saurayi. Ya daɗe yana fama da ƙaba, wato hanji ke saukowa ta wata ɓaraka a matsematsi ya yi kumburi. In ya kwanta ya tura sai ta koma. Kunya ta hana shi faɗa min shekara da shekaru, sai a bakin matarsa na ji. Da na matsa masa, ya yarda zai sayar da ɗan abin da ya noma ya je Kano a yi masa aiki. Ni na hana shi. Na ce, Habu, riƙe hatsinka, likitoci na nan zuwa har gida, aikinka kuma ƙaramin aiki ne, na ga irinsa ba adadi. Wannan laifina ne, na ɗauke shi, kuma ina kwana ina tashi da shi. Na faɗe shi tun yanzu don kada wani ɗan kwamiti ya ce na ɓoye nawa na tona naku.

Na biyu. Yadda kuka raba katin.

Za ka tuna na zo zamanku na shiri, ba a gayyace ni ba. Na ce ku ware kwana ɗaya ko biyu kafin likitoci su iso, a kira duk mai ciwo, mu tsofaffin ma'aikatan jinya mu duba, mu jera su daga wanda ciwonsa ba ya jira zuwa wanda zai iya haƙuri. Na ce kyauta zan yi. Ka yi murmushi ka ce, "Sista, ke asibiti kika sani, mu gari muka sani. In ba a ba kowace mazaɓa kasonta daidai ba, gobe a ce mun yi son kai." 'Yan kwamiti suka gyaɗa kai, aka ba ni lemo, aka sallame ni.

Haka kuka kasa katin tiyata kashi-kashi yadda ake kasa takin zamani. Kowace mazaɓa wakilinku ya karɓi nasa, ya ba masu faɗa a ji, su kuma suka ba waɗanda suke jin nauyinsu. Haba, Alhaji! Shi taki kowa yana da gona. Ciwo fa? Yaushe ciwo ya san iyakar mazaɓa, da zai sauka daidai wa daida a Lajawa da Dagumawa? Da idona na ga magidanci lafiyayye, kati a aljihu, yana bin gidajen danginsa yana tambaya ko akwai mai abin yankewa, don kada rabonsu ya wuce. An fara samun kati, sannan aka shiga neman cutar da za a sa masa. Tir da wannan tsari.

Habu ya je wurin wakilinku na Lajawa har sau uku. Ka san amsar da aka ba shi? Wai gidansu ya samu buhun taki bara, bana a bar wasu su ma su ɗanɗana. Su ɗanɗana! Aska ce fa, ba tuwon biki ba. Da ya gaya min, na yi dariya don takaici, na ce kada ya damu, ranar zan je da kaina in yi wa likita bayani, babu likitan da zai ga ƙaba ya tambayi kati. A nan gaskiyata ce, babu likitan da ya tambaya. Abin da ban lissafa ba shi ne ba za a bar mu mu kai ga likitan ba.

Na uku. Ranar aikin.

Habu ya kira sallar asuba, aka idar, ya koma gida ya ɗaga buhun dawa zai ɗora wa mai kai kasuwa. Kumburin ya sauko, ya ƙi komawa. Ya kwanta ya tura, ya tura, ina! Kafin rana ta ɗaga ya fara amai. Da matarsa ta kira ni, na san abin da ya faru: hanji ya maƙale, jini ya daina kai masa, daga nan kuma agogo ake kallo. Amma wallahi har hamdala na yi. Na ce Allah ya taimake mu, abin ya zo ranar da likitocin tiyata suke garinmu. Na ce a ɗauko shi maza a kawo shi asibitin da aka ara muku.

Da hantsi muka haɗu a bakin ƙofa. An ja ƙyauren ƙarfe, an sa wani magidanci ɗan sintiri yana duba kati. Na yi masa bayani. Mutumin nan ya kalli Habu a kwance a ƙasa ya naɗe kamar tabarma, ya kalle ni, ya ce, "Sista, wallahi na san ki, na san Malam Habu, na sha yin salla da kiransa in na je Lajawa. Amma an ce min ko uwata ce, in babu kati kada ta wuce." Ban ga laifinsa sosai ba. Umarni aka ba shi, ba a kuma ba shi wanda zai tambaya in irin wannan ta taso ba.

Na kira wayarka ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. Ina hango ka a ƙarƙashin rumfa, cikin babbar riga, ana jawabi a lasifika ana tafi. Na rubuta takarda na ba wani mai kati ya miƙa a ciki, ban san inda ta ƙare ba. Na ɗaga murya, sai ga 'yan kwamitinka biyu sun zo suna cewa in rufa musu asiri, akwai manyan baƙi, in bari a gama taro za a duba lamarin. Ɗaya ma cewa ya yi a ba shi ruwan kanwa, wataƙila kumburin ciki ne. Ni yake gaya wa haka.

Za ka ce me ya hana ni ɗaukarsa in wuce Kano tun lokacin. Ni ma na tambayi kaina har na gaji. Daga inda Habu yake kwance zuwa ɗakin tiyatar nan bai kai tsawon layin gidanmu ba, ina ganin tagarsa. Kano kuwa tafiya ce, ga shi ranar kasuwa. Kowane lokaci sai in ce yanzu za a buɗe, yanzu wani mai hankali zai fito. Wannan shi ne kuskurena na biyu.

Muna nan zaune ina kallon masu fitowa. Wani an cire masa ƙarin kitse a ƙeya, wanda ya shekara goma da shi bai hana shi cin tuwo ba. Wata an cire wa 'yarta cindo. Kowa ya fito da bandeji sai a tsayar da shi a gaban wani allo mai hotonka a ɗauke shi hoto. Ba na baƙin ciki da samunsu, Allah ya ƙara musu lafiya. Amma duk wanda ya taɓa riƙe tiren kayan tiyata ya san waɗannan za su iya jira har baɗi, wanda ke kwance a ƙofa kuwa ba zai iya jira har la'asar ba.

Sai da aka kira azahar wani likita ya fito zai yi alwala. Na kama ƙarfen ƙyauren da hannu biyu na ƙwala masa kira da irin maganar da ma'aikata ke yi wa juna. Ya ajiye butar ya taho. Ya tsuguna a ƙasa, ya taɓa cikin Habu, na ga fuskarsa ta sauya. Ya tambaye ni tun yaushe, na ce tun bayan asuba, a nan kuma tun hantsi. Ya ɗago ya dubi mai gadin da 'yan kwamitin da suka taru, ya ce, "Wa ya bar mutumin nan a nan?" Ya ja ni gefe ya ce da ya gan shi da safe, aikin da bai kai awa ɗaya ba ne. Yanzu kuwa ga alama hanjin ya mutu, sai an yanke, sai an ƙara jini, sai an sa masa ido na kwanaki, su kuma ba su zo da shirin haka ba. Da hannunsa ya sa masa ƙarin ruwa a bakin ƙofar, ya rubuta mana takarda, ya ce mu yi Kano.

Ka san gadar Wudil ranar kasuwa, ba sai na faɗa maka ba. Muna cikin mota a bayan manyan motocin shanu, ina riƙe da ledar ruwa a sama ta taga, Habu yana salati a hankali. Rana ta yi sanyi kafin mu isa. A can aka buɗe shi, aka tarar hanjin ya yi baƙi ya fashe. Aka yanke wanda ya lalace, kuma saboda cikin ya riga ya gurɓace ba a iya haɗa sauran ba, sai aka fito da bakin hanjin ta gefen cikinsa aka manna masa leda. Allah ya yi da sauran kwana.

Na huɗu. Kada a ce min rashin kayan aiki ne.

Na ji 'yan kwamitinka suna yawo da wannan magana, wai ƙasarmu ce haka, babu isassun gadaje, babu isassun likitoci, dole a yi tsari. Ni za a gaya wa rashi? Lokacin da rikicin arewa maso gabas ya yi tsanani, na yi shekaru ina aiki da wata tawagar likitoci a wani gari can. Ɗakin tiyatarmu tanti ne. A tukunya muke dafa kayan aiki, bisa risho. In janareto ya tsaya, ɗayanmu ya riƙe tocila a ci gaba. Akwai ranar da zaren ɗinki ya kusa ƙarewa, likita yana auna kowane ɗinki kafin ya yanke. Teburi ɗaya gare mu, wani lokaci mota ta sauke mana mutum goma sha wani abu a tashi guda.

Abin da muke da shi wanda ku ba ku da shi, tsumma ne. Mun yayyaga ƙyalle kala uku, ja da rawaya da kore. Da mota ta tsaya, ma'aikacin jinya ne a bakin ƙofa, ba mai sanda ba. Ya duba numfashi, ya duba jini, ya taɓa ciki, ya ɗaura wa kowa tsummansa a hannu. Mai ja ya wuce teburi, mai rawaya ya jira, mai kore ya ma taya mu ɗaukar wasu. Ba ma tambayar garinku, ba ma tambayar ɗan wane ne kai.

Wata rana da tsakar rana aka kawo mana wani babban jami'i, harsashi ya ratsa masa damtse, tare da wata mata mai sayar da gawayi wadda ƙarfe ya shige mata ciki. Ni ce a ƙofa. Na ɗaura mata ja, na ɗaura masa rawaya. Masu rakiyarsa suka fara hayaniya. Shi kuwa ya dubi tsumman hannunsa, ya dubi matar, ya ce musu su yi masa shiru. Ya zauna a kan jarka, ya riƙe ledar ƙarin ruwansa da hannunsa mai lafiya, har muka gama da ita. Dukansu biyu sun rayu. A wurin da ake jin ƙarar bindiga ke nan, Alhaji. Sai ga shi a Wudil, cikin zaman lafiya, ga wuta, ga ruwa, ga likitoci huɗu, ga lemo a sanyaye, ƙanena ya kusa mutuwa a kan ƙasa saboda gidansu ya samu taki bara.

Na biyar. Halin da Habu yake ciki yanzu.

Bai sake kiran salla ba. Malamai sun gaya masa sallarsa ta yi, lalura ce, ya je masallaci abinsa. Ya ce shi ba zai tsaya a sahu yana tunanin ko na kusa da shi yana jin wari ba. A ɗaki yake salla, yana jin muryar wani a lasifikar da shi ya saba riƙewa. Ledar asibiti in ta ƙare, sai mu haɗa da ta kanti da filasta, fatar wurin duk ta saɓule. Mutumin da ba ya iya cin abinci sai ya kira maƙwabta, yau shi kaɗai yake ci, ya rufe ƙofa. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ga damina ta ƙarato, ba zai iya sunkuyawa da fartanya ba, hatsin da na ce ya riƙe kuwa jinya ta cinye shi tuni.

Maganinsa aiki na biyu ne, a mayar da hanjin ciki a haɗa. A Kano layin yana da tsawo, na kuɗi kuma ba mu da hali. Likitan nan da ya ajiye butarsa, Allah ya saka masa da alheri, ya karɓi lambata ranar, kuma yakan kira ya tambayi jiki. Ya ce in sun dawo zai duba shi, in jikin ya yi ƙarfi kuma wurin ya ba da dama, zai yi masa. Ka ga ke nan duk fatanmu yana kan dawowarsu a wata mai kamawa. Sai kuma muka ji kun sake buga kati, kun sake kasawa.

Na shida. Katin da na mayar.

Makon jiya wakilinku na Lajawa, shi dai mai maganar taki, ya yi sallama a gidana. Bayan doguwar gaisuwa ya zaro kati ya ce saƙonka ne, a ba Malam Habu, abin da ya wuce ya wuce, a bar kaza cikin gashinta. Ba zan yi maka ƙarya ba, na yi murna. Na san toshiyar baki ce, amma na karɓa da hannu biyu har na yi godiya.

Bayan ya tafi na lura wurin sunan ya yi kauri, an shafa farin abin gogewa an rubuta Habu a kai. Na fita tsakar gida na ɗaga katin a rana. Ido ya tsufa, amma ya saba karanta rubutun likitoci. A ƙasa akwai wani suna: Indo, Dagumawa. Ashe katin ya riga ya ƙare a rabo, da kuka so rufe bakina sai kuka duba wa za a goge ba a ji kansa ba.

Na so in yi kamar ban gani ba, zuciya ta ƙi. Washegari na hau mota na tafi Dagumawa, na yi tambaya har aka kai ni. Dattijuwa ce, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa namiji a gari. Maƙoƙo ne da ita, ya cika wuya ya danne maƙogwaro, tun daga zaure nake jin numfashinta yana fito. Ta ce ta daina kwanciya, a jingine da bango take barci. Da ta ji ni ma'aikaciyar asibiti ce sai ta hau murna, ta ɗauka ku kuka aiko ni. Ta ce, "'Yar nan, ai an rubuta sunana, an ce katin yana hanya." Ta nuna min zannuwan da ta wanke ta ninke, da sabon bokitin da ta saya na zaman jinya. Katinta yana cikin jakata a lokacin. Na duba wuyanta, na sha ruwan da ta ba ni, na yi mata sallama, ban gaya mata an goge sunanta ba. Da a tantinmu ne, ban san wanda zan fara ɗaura wa ja ba tsakaninta da Habu. Ina jin ita ce.

Kwana uku katin yana ƙarƙashin matashina. Na yi niyyar amfani da shi, Allah ya sani. Na ce ƙanena ne, ni na jefa shi a wannan hali, ba ni na goge sunan kowa ba. Ran na huɗu na tafi Lajawa na ajiye masa katin a kan tabarma, na gaya masa komai, ban rage ba. Ya ɗauka ya juya shi, ya daɗe yana kallon hotonka. Sannan ya miƙo min ya ce, "Yaya, ni na san yadda ƙasar bakin ƙofar nan take. Ba zan kwantar da wata a kanta ba. Ki mayar musu."

Shi ya sa sakatarenka ya gan ni jiya. Kunya ta kama ni da manomin da bai taɓa shiga tanti ba ya tuna min aikina.

Yanzu ga roƙona, ranka ya daɗe, kuma duk cikinsa babu wanda zai ci muku ko sisi.

Ku soke katin nan gaba ɗaya. Ku sa a yi shela, duk mai ciwo ya zo kwana biyu kafin likitoci su iso, ma'aikatan jinya su duba, likita ya zo ya tabbatar, a jera mutane bisa ciwonsu. In kuna tsoron a ce kun yi son kai, ku ce likita ne ya zaɓa, ku wanke hannunku. Akwai mu tsofaffin ma'aikata a garin nan da muke zaune ba abin da muke yi sai jikoki. Ni zan zo, tsummana ma yana nan a akwati.

Ku sa ma'aikacin jinya a bakin ƙofa tun safe har a tashi, da ikon shigar da duk wanda ya ga ba zai iya jira ba, ko da gwamna ne ke jawabi a ciki. Jawabin ma ku bar shi sai an ɗinke mutum na ƙarshe.

Sannan ka je Dagumawa da ƙafarka, ba aike ba, ka gaya wa Indo abin da aka yi da sunanta. Ni na kasa, kuma ba ni ya kamata in faɗa ba.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da arziki, ya karɓi abin da kuka yi da kyakkyawar niyya, ya yafe mana kurakuranmu, nawa da naka. Allah kada ya nuna maka ranar da naka zai kwanta a bakin wata ƙofa kana hango tagar likita.

Ko kun gyara ko ba ku gyara ba, ga abin da zan yi, na faɗa tun yanzu don kada a ce na zo ɓata taro. Ranar da likitoci suka dawo, da sassafe zan biya Lajawa in ɗauko Habu, in biya Dagumawa in ɗauko Indo, a mota ɗaya. Babu kati a hannun kowa. In likita ya duba ya ce Indo ce farko, Habu zai jira. In ya ce aikin Habu ba zai yiwu a nan ba, za mu ce alhamdu lillahi mu koma gida da ledarmu, damina ta wuce shi. Mun yarda da wannan, muddin daga bakin wanda ya taɓa cikinsa ta fito. In kuwa aka sake ja mana ƙyaure, za ka same mu a nan inda ka bar mu wancan karon, dab da allon nan mai hotonka. Wannan karon dai zan zo da tabarma biyu.

Wassalamu alaikum.

Taka,
Sista Rabi,
tsohuwar ma'aikaciyar ɗakin tiyata, yayar Habu ladan,
Wudil.